Gudu a saman jirgin ruwa, tattaki a kufan mutanen Maya

A tsakiyar watan Janairu ake yin gasar gudun fanfalaki ta birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, inda muke zaune, hutun makarantar yara kuma a ƙarshen Disamba yake faɗowa. Duk mai shirin gudun kilomita 42 ya san makonnin nan ba na wasa ba ne, a cikinsu ake yin dogayen gudu na ƙarshe kafin a fara sassauta wa jiki. To, daidai wannan lokaci uwargida ta zaɓa ta ce bana ba za mu yi hutu a gida ba, jirgin ruwan shaƙatawa za mu shiga daga tashar Galveston da ke kusa da mu zuwa gaɓar Mekziko, mu kai yara su ga kufan mutanen Maya, tsohuwar al'ummar wannan yanki, da babbar 'yarmu ta karanta a makaranta take ta damun mu da labarinsu.

Ni dai ta ƙofar asibiti gudu ya shigo rayuwata. Likita ya auna ni ya ce jinina yana hawa, ko in motsa jiki ko in fara shan magani har abin da hali ya yi. Da tafiya na fara, na koma sassarfa, har abin ya zama jiki. Yanzu in na idar da sallar Asuba sai in ɗaura takalmi in nufi Memorial Park, inda akwai hanyar masu gudu mai zagayen kusan mil 3, an shimfiɗe ta da ƙananan tsakuwa mai sauƙi ga gwiwa. Ina dawowa in yi wanka, in sauke yara a makaranta, in wuce aiki. Ranar Asabar ce ta dogon gudu. Mahaifiyata, Hajiya, da take zaune tare da mu, da farko ba ta ga dalilin abin ba. Takan dube ni na shigo jiƙe sharkaf da gumi ta ce, “Wai ɗan nan, wa ya biyo ka ne?” Da ta ga sakamakon awon jini ya daidaita sai ta daina tambaya, ta koma dama mini kunu kafin in dawo.

Kafin a biya kuɗin jirgi sai da muka yi yarjejeniya da uwargida. Ta ce, “Abban yara, ba zan hana ka gudunka ba. Amma kada mu zauna karin kumallo kujerarka ba kowa, kuma ranar da jirgi ya tsaya a gari, ranar iyali ce.” Na ga gaskiyarta. Sai na sake tsarin atisayen: dogon gudu ɗaya na yi shi ana gobe za mu tafi, ɗayan na tura shi bayan dawowa, kwanakin jirgi kuma na mai da su na gajerun gudu da sassafe. Jikin da ya ɗau watanni yana horo ba ya lalacewa don an rage masa aiki na mako guda, sau da yawa ma hutun amfani yake masa.

Batun takardu shi ne inda mutanenmu suka fi samun tangarɗa, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Ɗan ƙasar Amurka da zai shiga jirgin da ya tashi daga tashar Amurka ya dawo tashar da ya bari, takardar haihuwa da katin shaida suna isar sa. Duk da haka mun ɗauki fasfo ɗin kowa, domin in rashin lafiya ta kama mutum a Mekziko ko jirgi ya tafi ya bar shi, ta sama zai dawo, jirgin sama kuwa sai da fasfo. Hajiya fasfon Najeriya take riƙe da shi tare da katin zama na dindindin, Mekziko kuma ba ta neman biza daga mai wannan kati ko mai bizar Amurka da ba ta ƙare ba. Wanda yake da baƙo daga gida mai bizar ziyara, ya duba da kyau ko ta shiga sau ɗaya ce, don fita a jirgin ruwa fita ce daga ƙasa, dawowa kuma sabuwar shiga ce. Sannan kuɗin da ake gani a talla ba shi ne ƙarshe ba. Akwai haraji, akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum har da yara, akwai kuɗin ajiye mota a tasha, da na intanet, da na yawon gari. Ɗakuna kuwa a tsakiyar jirgi muka nema, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi, saboda Hajiya tana fama da juwa ko a mota.

Daga Houston zuwa Galveston kimanin kilomita 80 ne. A bakin tasha ake karɓar manyan akwatuna, ba kuma za ka sake ganin su ba sai yamma a ƙofar ɗaki, shi ya sa magunguna da takardu da darduma suka zauna a ƙaramar jaka a hannu. Takalmin gudu ma a nan na sa shi. Kowa aka ba shi kati ɗaya wanda shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi kuma ake sayen komai a ciki. Kafin jirgi ya ɗaga dole kowane fasinja ya je wurin da aka ware masa na taruwa in hatsari ya auku, a nuna masa yadda ake sa rigar ceto. An ƙara tsaurara wannan doka bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka rasa rayukansu. Mutane da yawa hankalinsu yana kan abinci da kiɗa, amma Hajiya ta sa na fassara mata bayanin kalma bayan kalma, ta gwada ɗaura rigar da kanta, sannan ta tara jikokinta ta biya musu addu'ar da Annabi Nuhu, alaihis salam, ya yi da zai shiga jirgi.

Abu biyu muka daidaita tun daren farko: alƙibla da abinci. Ƙarfen jirgi yana rikita kamfas ɗin waya, amma akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da take nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Daga wannan yanki alƙibla tana arewa maso gabas, in ka san inda goshin jirgi yake kallo sauran lissafin mai sauƙi ne. Ƙasaru muka riƙa yi kamar yadda limamin masallacinmu ya yi mini bayani kafin tafiya. A ɗakin cin abinci na sanar da shugaban masu hidima cewa ba ma cin naman alade, ba ma cin abin da aka dafa da giya. Aka yi sa'a mai kula da teburinmu ɗan Indonesiya ne, Musulmi. Kowane dare yakan kawo mana jerin abincin gobe ya nuna wanda za mu kauce wa. Kifi da ƙwai da shinkafa da ganye suka riƙe mu, ba wanda ya kwana da yunwa.

Yanzu ga batun gudu. A hawa na can sama akwai hanya da aka shata da fenti ta zagaye jirgin, da allo mai nuna zagaye nawa ne mil guda da kuma ɓangaren da za a bi. Na fito bayan sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba, ma'aikata sun gama wanke daɓen da ruwa, ko'ina da danshi da ɗanɗanon gishiri a leɓe. Abin da mai gudu zai fara sani shi ne agogon da yake auna nisa ta tauraron ɗan'adam ba shi da amfani a nan. Jirgin kansa yana tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a awa, agogon kuwa ba ya bambance tafiyarka da ta jirgi, sai ya haɗa su ya rubuta maka. Sai ka kashe wannan ɓangare, ka koma danna maɓalli a kowane zagaye, ko ka manta da nisa gaba ɗaya ka yi gudu da lokaci. Ni na biyun na zaɓa.

Iska ce ke mulki a can sama. In ka nufi goshin jirgi tana dannan ƙirjinka har sai ka sunkuya ka gajarta taku, kana shan kwana kuma sai ta koma bayanka tana tura ka, dole ka riƙe kanka kada ƙafa ta zame a jiƙaƙƙen daɓe. Kwanonin suna da matsi, kuma tunda ɓangare ɗaya ake bi kullum, ƙafar da take ciki ita ke shan wahala. Tun ba a je ko'ina ba na ji idon sawuna na hagu yana magana, sai na riƙa rage gudu a kowace kwana, in ƙara a miƙaƙƙen wuri. Ga kuma motsin jirgi a ƙarƙashinka. A watannin sanyi iskar arewa takan tayar da Tekun Mekziko, sai ka kai ƙafa ka ji daɓen ya riga ka tasowa, taku na gaba kuma ya yi ƙasa ya bar ka. Ba ka da abin yi sai ka saki gwiwa ka bar jiki ya koyi rawar. Amma fa akwai lada. Ba mota, ba fitilar hanya, ba gini, ruwa ne ta kowace fuska, rana kuma tana fitowa daga cikinsa kana kallo. Mu kaɗan ne a wajen a wannan lokaci: wata dattijuwa mai saurin tafiya, da wani saurayi cikin ma'aikatan kicin da yake gudunsa kafin ya kama aiki. Muna haɗuwa mu ɗaga wa juna hannu. Da zarar hantsi ya fara, masu yawo da kofin shayi da masu ɗaukar hoto sun cika hanyar, mai gudu ya tattara ya sauka.

Ranar da iska ta yi yawa aka rufe hawan sama, na koma na'urar gudu a ɗakin motsa jiki. Ita ma da nata hali, domin in jirgi ya ɗaga goshi sai ka ji kamar kana hawan tudu, in ya sauke kuma kamar gangara, alhali ba ka taɓa maɓalli ba. Sauran atisayen a matakala na same shi. Na daina shiga lifta sai in ina tare da Hajiya, daga ɗakinmu zuwa wurin cin abinci kuwa hawa ne masu yawa. Kuma ban saɓa alkawari ba, kafin su farka na yi wanka ina zaune.

Tsayawar farko a Costa Maya ce, kusa da ƙauyen masunta na Mahahual a jihar Quintana Roo. Tashar don jiragen shaƙatawa aka gina ta, guguwar Dean ta ragargaza ta a watan Agustan 2007 aka sake ginawa. Gaskiya wurin bai burge ni ba. Shaguna ne da mashaya da wurin ninƙaya, an tsara hanyar fita yadda sai ka ratsa su duka kafin ka ga titi. Wanda ya tsaya a nan ya koma jirgi bai ga Mekziko ba. Mu ta hannun jirgin muka sayi tikitin yawo. Ya fi tsada a kan na 'yan gari, amma in motar da jirgi ya tura ta makara, jirgi yana jira, in ta kanka ka tafi kuwa ba ruwansa. Mai tafe da tsohuwa da yara ba ya caca da wannan.

Kusan awa guda muka yi a bas zuwa kufan Chacchoben. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, daji da fadama, babu ko ɗan tudu. Ɗan jagoranmu, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, ya ce a wannan yanki duk inda ka ga tudu a cikin daji, to gini ne bishiyoyi suka rufe. Ta haka ma aka gano wurin: wani masanin kayan tarihi, Peter Harrison, ya hango tuddan daga sama ya kai rahoto ga hukuma a 1972. Hukumar kula da kayan tarihi ta Mekziko ta fara tono a 1994, aka buɗe wa jama'a a 2002. Manyan gine-ginen da ake gani sun kai shekara 1,300, mutane kuwa sun zauna a wurin tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Da muka shiga, dala ta farko, wato ginin dutse mai faɗin gindi da tsukakken kai, tana tsaye a fili, hawa-hawa, duwatsunta sun yi baƙi-baƙi saboda ruwan sama. Gaba kaɗan sai ga abin da ya fi tsaya mini a rai: tudun da ba a tone ba, dogayen bishiyoyi a kansa, saiwoyinsu sun kutsa tsakanin sassaƙaƙƙun duwatsu sun riƙe su gam. A gefe guda an share rabi, matakala ta fito fili, ɗaya rabin kuma har yanzu daji ne. A nan mutum yake gane irin aikin da masu tono suka yi, da kuma yawan abin da yake kwance ba a taɓa ba. Jagoran ya nuna mana wata bishiya mai tabon sara a jikinta, layi-layi a karkace tun daga ƙasa har sama. Ita ce ake tatsar ƙaron da aka fara yin cingam da shi, kakansa ma aikin da ya yi ke nan. Ya kuma nuna ragowar jan fenti a wani lungu da rana ba ta kai wa, ya ce a zamaninsu gine-ginen nan shafe suke da farar ƙasa an yi musu ja, ba wannan launin toka da muke gani ba.

Ba a yarda a hau kan dalar ba, amma akwai doguwar matakala da take kai wa wani babban dandamali da aka gina wasu ɗakunan ibada a kansa. Matakan dogaye ne, wurin sa ƙafa kuma siriri, sai an karkata jiki ake hawa. Yara suka haye a guje. Na dubi Hajiya na ce ko za ta jira a inuwa. Ta ce, “Na ƙetare teku na zo, sai in tsaya a gindin matakala? Miƙo hannunka.” Muka hau taki ɗaya-ɗaya, tana dafa ni, muna tsayawa tana numfashi. A wannan hawa na sannu na lura da abin da da a guje nake ba zan gani ba: ba dutse biyu masu girma ɗaya, kowanne da sawun sara a jikinsa, an cusa ƙananan duwatsu a tsakani don su zauna daram. Ba da ƙarfe aka sare su ba, mutanen Maya ba su da shi, da dutse suka sari dutse. Da muka kai sama autanmu ya rugo ya riƙe mata jaka, ta ce, “Yauwa maigidana, kai ne ka san darajata.”

A ƙarƙashin wata bishiya jagoran ya tsuguna ya koya wa yara ƙirgen mutanen Maya da tsinke a ƙasa. Ɗigo ɗaya shi ne 1, sanda a kwance 5, hoton ƙwanso kuma sifili, wanda suna cikin al'ummomin farko a duniya da suka yi aiki da shi. Ashirin-ashirin suke ƙirge, ba goma-goma ba. Shekararsu wata 18 ce mai kwana 20 kowanne, da ƙarin kwana 5, ya zama 365. 'Yata ta karɓi tsinken ta rubuta shekarunta, ta rubuta na ƙanenta, ta juyo ta ce, “Hajiya, ke nawa zan rubuta?” Hajiya ta ce ta bari, ƙasar wurin ba za ta isa ba.

Wata mata cikin ayarinmu ta tambayi jagoran ina mutanen Maya suka ɓace. Ya yi murmushi ya nuna ƙirjinsa, ya ce da harshen Maya yake magana da mahaifiyarsa. Masu jin wannan harshe a yankin Yucatán sun kusa dubu 800, in aka haɗa da dangoginsu na Gwatamala da Belize da kudancin Mekziko kuwa miliyoyi ne. Birane ne aka bari, mutane suna nan. Abin da aka hallaka da gangan shi ne littattafansu: a 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara su ya cinna musu wuta a garin Maní, guda 4 kacal aka sani sun tsira zuwa yau. Wannan magana ta yi mini nauyi. Al'ummar da ta lissafa tafiyar taurari ta rubuta, a wayi gari abin da ya rage na rubutunta a takarda bai cika hannu ba.

Washegari muka tsaya a tsibirin Cozumel. Na so ƙwarai in yi gudu a titin bakin ruwansa, inda ake gasar Ironman ta ninƙaya da tseren keke da gudu duk watan Nuwamba, amma ranar iyali ce, kuma tafiyar Tulum, wani kufan Maya da za mu gani, tana cin yini. Mun yi shawarar zuwa kufan Chichén Itzá, wadda ta fi suna, muka ga zaman mota zai cinye ranar, a bar mu da ɗan lokaci kaɗan a wurin. Zuwa Tulum ma sai an hau ƙaramin jirgin fito na kusan minti 45 zuwa Playa del Carmen, sannan bas na kimanin awa guda. Jirgin fiton yana tsalle a kan igiyar ruwa fiye da babban nesa ba kusa ba. Hajiya ta sha maganin juwa tun da wuri, tana tauna ɗanyar citta, idonta a kan gaɓa har muka sauka. Akwai kuma tarkon agogo. A lokacin sanyi jihar Quintana Roo tana gaban Texas da awa ɗaya, waya kuma da ta kama layin gari sai ta canza da kanta, alhali jirginmu a kan agogon Galveston ya zauna. Da agogon jirgi ake rufe ƙofa. Na daidaita agogon hannuna da shi na hana shi canzawa, da shi muka yi aiki duk yinin.

Tulum a kan gaɓar dutse take, mita 12 sama da teku. Katanga ta kewaye ta ta fuska uku, teku ya tsare ta huɗu. Tsayin katangar mita 3 zuwa 5 ne, ƙofofinta 5, matsattsu, sai dogon mutum ya sunkuya. Muna ratsa ɗaya daga ciki Hajiya ta tsaya ta shafa dutsen ta ce, “Ikon Allah, ai wannan ganuwa ce da ƙofofinta, irin ta Kano. Su ma ashe sun san tsoron mahara.” Garin ya yi tashe ne tsakanin ƙarni na 13 da na 15, tashar fatake ce da kwale-kwale suke sauke gishiri da zuma da auduga da koko da baƙin dutse mai kaifi da ake yin wuƙa da shi. A gaban babban ginin da ake kira El Castillo akwai giɓi a jerin duwatsun murjani da suka tare gaɓar, ta nan jiragensu suke shigowa su sauka a ɗan yashin da ke ƙasa. A 1518 ayarin Juan de Grijalva na Sifaniyawa ya hango garin daga teku da mutanensa a ciki. Kafin ƙarnin ya ƙare ya zama kufai, cututtukan da baƙin suka zo da su sun yi ɓarna mai yawa.

Wurin yana da kyau ƙwarai, ruwan shuɗi ne garau, manyan ƙadangarun da ake kira iguwana suna kwance a kan duwatsu ba sa ko motsi. Sai dai inuwa ta yi ƙaranci, jama'a sun yi yawa, an kuma ja igiya an kewaye gine-ginen, daga nesa ake kallo. Wanda zai zo ya taho da malafa da ruwa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka raba lokacin: an tsayar da mu a shagon tsaraba a hanya har mutane suka gaji da zagaye, a cikin kufan kuma ana ta duba agogo ana kora mu gaba.

A ɗan lokacin da aka ba mu na sakewa na tambayi jagoran Tulum yadda kayan da aka sauke a nan suke isa cikin ƙasa. Ya ce a bayan mutane. Ba doki, ba jaki, ba amalanke, dawaki sai da Sifaniyawa suka zo. Ɗan dako yakan ɗora kaya a gadon baya, ya rataya igiyar a goshi, ya kama hanya. Saboda haka suka gina hanyoyi na musamman, a ɗage daga ƙasa, an cika su da duwatsu an shafe samansu da farar ƙasa. Mafi tsawo da aka sani ta tashi daga Cobá, wadda ba ta da nisa da Tulum, zuwa Yaxuná: kilomita 100, faɗinta kusan mita 8, ta ratsa daji kusan a miƙe. Ya ce farinta yana taimaka wa masu tafiyar dare, lokacin da zafi ya sauka.

Na san abin da kilomita 42 take yi wa jikin mutum, da takalmi mai laushi, da masu miƙo ruwa a kowane zango, ba ko tsinke a bayansa. Wannan hanya ta ninka haka sau biyu da ɗoriya, a cikin zafi da danshin da ya sa rigata ta jiƙe ina tsaye wuri ɗaya. Kuma kafin a taka ta sai da aka ɗauko kowane dutse nata a ka ko a baya. Mutane suna kallon dala suna mamakin tsayinta, ni kuwa tun daga wannan magana ƙafafun da suka yi jigilar nake gani, da na manzannin da suke kai saƙo daga gari zuwa gari. Masarar da suka ci suka yi wannan aiki a ƙasar Mekziko aka fara noma ta, haka barkono da gwanda, duk daga wannan ɓangare na duniya suka iso tukwanenmu. Da na gaya wa Hajiya haka ta ce to Allah ya saka musu, sun yi wa duniya aiki.

Muka yi sallar Azahar a wani gefe a wajen katanga, muka ci kifi gasasshe da waina ta masara a wata rumfa. Uwargida ta tambaya kafin a zuba mana wake, aka ce da kitsen alade aka soya shi, muka bar shi. Wannan tambaya tana da muhimmanci a Mekziko, don wake da miya da yawa da shi ake yi. Hajiya ta sayi kwalbar zuma wurin wata mata mai farar riga da aka yi wa ado da furanni a wuya, bayan an gaya mata tun zamanin da mutanen Maya suke kiwon wata irin ƙudan zuma marar harbi. Ba su jin harshen juna, da yatsu suka yi ciniki, har Hajiya ta samu ragi.

A hanyar komawa Galveston teku ya kwanta. Da asubar ranar 'yata ta farka ta ce za ta bi ni. Muka yi zagayen tare, ita ke ƙirgawa da babbar murya, in ta gaji mu koma tafiya, in ta huta mu ci gaba. Da muka sauko ta rubuta adadin a takardar ɗaki da ɗigo da sanda ta kai wa uwarta ta ce ta karanta.

Ana gobe sauka ake ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki da dare, da safe a kira mutane rukuni-rukuni. 'Ya'yan itace da nama ba a shigo da su Amurka, ko da daga kicin ɗin jirgi aka ɗauko, don haka na zazzage jakar yara na fitar da tuffa da ayabar da suka ɓoye. Zumar Hajiya kuwa na bayyana ta ga jami'in kwastan, ya juya kwalbar ya duba murfin ya miƙo mata. Kwana biyu bayan mun dawo ƙasa tana yi mini kamar tana motsi, musamman in na tsaya a sahun sallah, shi ya sa na jinkirta dogon gudun sai da jiri ya sake ni. Idon sawun da kwanonin jirgi suka taɓa ya lafa da ƙanƙara da hutu, na shiga makonnin sassautawa ƙafata lafiya lau.